TATTARA TSOFAFFIN HOTUNAN SOJOJI DA ADANA SU

Gabatarwa

Unguwar Gudu tana ɗaya daga cikin sababbin unguwannin birnin Abuja, tana maƙwabtaka da Apo da Garki. Banda Gbagyi da sauran mutanen da aka tarar a wannan yanki, yawancin mazaunanta zuwa suka yi daga jihohi dabam-dabam bayan an kafa Babban Birnin Tarayya cikin 1976, musamman ma bayan da Gwamnatin Tarayya ta taso daga Legas ran 12 ga watan Disamba, 1991. Kowane magidanci ya zo da iyalinsa da kayansa. A cikin kayan nan sau da yawa akan sami wata tsohuwar adaka ta ƙarfe da aka gada, wadda ba a cika buɗewa ba. A ƙarƙashin tufafin da ke ciki akwai hoton wani saurayi sanye da kaki, ya ƙame, bindiga a gefensa. Mutanen gidan sukan ce, "Ai kakanmu ne, lokacin da ya je yaƙin Bama." To, amma idan aka tambaye su bataliyarsa, ko shekarar da aka ɗauki hoton, ko sunan sojan da ke tsaye kusa da shi, sai kowa ya dubi ɗan'uwansa.

Abin da ake gani a Gudu shi ake gani a Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato, har da Maraɗi da Damagaram. Ana nan da hotuna, amma waɗanda suka san labarinsu suna ta ƙarewa. Manufar wannan ɗan littafi ita ce bayyana wa jama'a asalin irin waɗannan hotuna, da yadda ake gane zamaninsu, da yadda ake tattara su a adana. Babban abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne, aikin mai tattara hotunan yaƙi bai kammala ba sai ya haɗa fuska da suna.

Su Wane Ne Ke Cikin Hotunan?

Kafin mutum ya fahimci hoton soja, wajibi ne ya san taƙaitaccen tarihin rundunar da sojan ya yi wa aiki. Cikin 1863 ne wani hafsan jiragen ruwa na Ingila, John Glover, ya tara wasu 'yan Hausawa a Legas ya ba su horon soja. Daga wannan ƙaramar ƙungiya ake lissafa mafarin rundunar sojan Nijeriya. Cikin 1897 aka ɗora wa Lugga, watau Frederick Lugard, kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAFF, aka yi mata sansani a Lakwaja da Jeba, daga baya Zungeru da Kaduna. Da wannan runduna ce Turawa suka ci Kano cikin watan Fabrairu na 1903, da Sakkwato cikin Maris, suka kuma yi yaƙin Burmi cikin Yuli na wannan shekara. Saboda haka akwai hotunan da ganinsu ba ya faranta rai. Duk da haka shaida ne, ita kuwa shaida ba a zubar da ita don ta yi ɗaci.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya sojojin Nijeriya sun yaƙi Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, aka ci Garwa cikin Yuni na 1915, sansanin Mora kuwa bai miƙa wuya ba sai cikin Fabrairu na 1916. Daga nan aka kwashe su cikin jiragen ruwa zuwa Afirka ta Gabas, inda suka sha wuya ƙwarai a yaƙin Mahiwa cikin Oktoba na 1917.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi ke kira yaƙin Hitila, birged ta 23 ta 'yan Nijeriya ce ta shiga Mogadishu ran 25 ga Fabrairu, 1941, ta kuma fafari sojojin Italiya har Harar ta ƙasar Habasha. Cikin 1943 aka kafa manyan rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, aka tura su Indiya, daga can suka shiga Bama, ƙasar da ake kira Myanmar tun 1989. Kimanin sojojin Afirka ta Yamma 90,000 ne suka je wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Sun yi yaƙi a kwarin kogin Kaladan cikin 1944, suka ci garin Myohaung cikin Janairu na 1945. Bataliya uku ta 'yan Nijeriya, watau ta 6 da ta 7 da ta 12, sun shiga cikin dakarun Chindit na Janar Wingate, waɗanda aka kai can bayan dagar Japanawa.

Bayan samun mulkin kai sai aikin kiyaye zaman lafiya a Kwango daga 1960 zuwa 1964, da yaƙin basasa daga 6 ga Yuli, 1967, zuwa 15 ga Janairu, 1970, da aikin Lebanon wanda aka fara cikin 1978, da na Laberiya daga 1990. Sunayen barikoki da yawa suna ɗauke da wannan tarihi. Barikin Chindit a Zariya, da Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Letmauk a Ibadan, da Dodan da Arakan da Myohaung a Legas, duk daga yaƙin Bama suka samo suna. Barikin Mogadishu na Abuja yana tuna nasarar 1941, na Bukavu a Kano kuwa yana tuna aikin Kwango.

Ire-iren Hotunan

Ana iya kasa tsofaffin hotunan sojoji gida uku.

Na farko su ne hotunan hukuma, waɗanda masu ɗaukar hoto na soja ko na ofishin watsa labarai suka ɗauka a fagen fama da wajen fareti. Irin waɗannan suna da kyau da tsabta, kuma akan san wuri da watan da aka ɗauke su. Yawancin na zamanin Turawa suna ajiye a Landan, musamman a gidan tarihin yaƙi na Imperial War Museum wanda aka kafa cikin 1917. Aibinsu shi ne, sau da yawa bayanin da ke ƙarƙashin hoto yakan ambaci sunan hafsa Bature, sa'an nan ya tara sauran mutanen cikin kalma guda, ya ce sojojin Afirka ta Yamma.

Na biyu su ne katunan gidan waya, watau kati mai hoto a fuska ɗaya wanda ake liƙa wa kan sarki a aika ba tare da ambulan ba. A ƙasar Ostiriya aka fara fito da katin gidan waya cikin 1869, kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya kuwa yayinsa ya game duniya. Kamfanonin ciniki da 'yan mishan da masu hoto na bakin teku sun buga katuna masu yawa na sojoji da igwa da 'yan badujala, suna sayar wa Turawa ma'aikata su aika gida. Ba Turawa kaɗai ne suka ɗauki hotunan wancan zamani ba. Akwai 'yan Afirka irin su Jonathan Adagogo Green na Bonny, wanda ya rasu cikin 1905, da George da Costa da Neils Walwin Holm waɗanda suka yi sana'ar a Legas. A ƙasashen da Faransa ta mallaka, François-Edmond Fortier na Dakar ya buga dubban katuna, wasunsu na sojojin da Faransawa ke ɗiba daga yankunan mulkinsu. Shi mai buga kati abin da ya dame shi shi ne siffa. Yakan rubuta "sojan Hausa" ƙarƙashin hoto ya wuce, alhali kuwa mutumin yana iya zama Babarbare, ko Bazabarme, ko Badakkare, ko Tibi, ko Bayarabe, domin Hausa ce harshen bariki a lokacin, duk wanda ya sa kaki kuwa da ita ake ba shi umurni.

Na uku su ne hotunan gida. Soja yakan je wurin mai hoto a Sabon Gari, ko a wani gari na Indiya kafin a komo da shi, ya biya kuɗinsa a ɗauke shi shi kaɗai ko tare da abokinsa, ya aika wa mahaifiyarsa ko matarsa. Waɗannan ba su kai na hukuma kyau ba, wasu ma sun dushe, amma su ne ke da abin da sauran suka rasa, watau akwai wanda ya san mai hoton. A nan ne darajar adakar da ke Gudu take. Gidajen tarihi na waje suna da kwanan wata ba suna, gidajen jama'a kuwa suna da suna ba kwanan wata. Mai tattarawa shi ne ke haɗa biyun.

Yadda Ake Gane Zamanin Hoto

Hoto yana da bakin magana ga wanda ya san abin da zai duba. Ga abubuwa huɗu da za a lura da su.

Na ɗaya, tufafi. Jar dara mai tuntu, da 'yar shara a kan kaki, da ɗamara, su ne kayan fareti na zamanin Turawa. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu galibin ƙananan sojoji ba su da takalmi, sai dai naɗin ƙwauri, saboda haka ƙafa a ƙasa alama ce ta tsufan hoto. Malafa mai faɗin baki da adda a ƙugu sun fi nuna zamanin Habasha da Bama. Hula ko kwano mai tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya yana nuna Kwango ko Lebanon.

Na biyu, lambobi. Alamar WAFF itacen kwakwa ce. Runduna ta 81 tana ɗaura baƙin gizo-gizo a kafaɗa, ta 82 kuwa masu biyu ne gicciye a kan gammo, don girmama masu ɗaukar kaya a ka. Igiya ɗaya a hannun riga ta las kofur ce, biyu ta kofur, uku ta saje. Idan akwai lambobin yabo a gidan, a duba su da kyau. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya an zana musu lamba da muƙami da sunan mai su a gefe ko a baya. Taurarin da Ingila ta raba bayan 1945, irin su Tauraron Afirka da Tauraron Bama, ba a sa musu suna ba, saboda haka idan aka raba su da takardun mai su, shi ke nan sun zama na kowa. Lambar aikin sojan Nijeriya a yaƙin na biyu tana farawa da haruffan NA, ta mutanen Gana kuwa da GC.

Na uku, makamai da kayan aiki. Bindiga mai ruwa ƙirar Maxim, da ƙananan igwa waɗanda ake kwancewa 'yan alaro su ɗauka gunduwa-gunduwa, su ne kayan yaƙe-yaƙen farkon zuwan Turawa. Bindigar Lee-Enfield ta daɗe a hannun sojoji tun daga yaƙin farko har bayan na biyu, don haka ita kaɗai ba ta isa shaida ba. Ganin bindigar Bren kuwa yana nuna ba a ɗauki hoton ba sai daga ƙarshen shekarun 1930. A hotunan Bama akan ga dogon layin mutane ɗauke da akwatunan harsashi a ka, da jirgin Dakota yana jefo abinci da laima, domin a kwarin Kaladan ta sama ake ciyar da runduna ta 81. Bindigar FN da motoci masu sulke ƙirar Ferret da Saladin su ne suka fi fitowa a hotunan yaƙin basasa.

Na huɗu, bayan kati. A da, adireshi kaɗai ake rubutawa a bayan katin gidan waya, saƙo kuwa a matse shi gefen hoto. Cikin 1902 Ingila ta yarda a raba bayan kati biyu, rabi saƙo rabi adireshi, sauran ƙasashe suka bi sahu cikin 'yan shekaru. Kan sarki ma yana taimakawa, tun da sunansa ya samo asali ne daga kan sarkin Ingila da ke jikinsa: Edward na Bakwai ya yi sarauta daga 1901 zuwa 1910, George na Biyar daga 1910 zuwa 1936, George na Shida daga 1936 zuwa 1952. Kan sarkin da aka rubuta wa Nijeriya ta Arewa ya riga haɗewar 1914. Sai dai a tuna, hatimin gidan waya yana nuna ranar da aka aika kati ne kawai. Mai yiwuwa ne an ɗauki hoton shekara goma kafin nan. Wasiƙun da sojoji suka aiko daga fagen fama kuma sukan zo da hatimin mai tace wasiƙu, ba a kuwa yarda soja ya faɗi inda yake ba.

Dalilin Yin Gaggawa

Saurayin da aka ɗauka kurtu yana da shekara 18 cikin 1943 ya cika shekara ɗari cikin 2025, in yana raye. Wanda ya shiga yaƙin basasa yana ɗan ashirin ya doshi tamanin. 'Ya'yan mazan Bama su kansu sun zama kakanni. Duk dattijuwar da ta rasu a irin waɗannan gidaje takan tafi da sunayen da babu su a kowace takarda.

Hasarar da ke cikin wannan an riga an gan ta. Cikin watan Afrilu na 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila ta fito da rahoto, inda ta amsa cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, yawancinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a kan kabari ko dutsen tunawa ba, kuma adadin yana iya kai wa 350,000. Ministan tsaron Ingila ya nemi gafara a gaban majalisar ƙasarsu. Da yawa daga cikin waɗannan mutane masu ɗaukar kaya ne da leburorin soja, waɗanda ba a ɗauke su a bakin kome ba.

Inda aka kiyaye suna kuwa, tarihi yakan rayu. Samanja Chari Maigumeri ya fara aikin soja ne a ƙarƙashin Jamusawa a Kamaru, daga baya ya shiga rundunar Nijeriya, ya yi yaƙin Habasha da na Bama, ya bar aiki cikin 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa, yau kuma akwai bariki mai sunansa a Lakwaja. Isaac Fadoyebo, wanda aka harba a Bama cikin 1944 wasu mutanen ƙauye suka ɓoye shi wata da watanni, ya rubuta labarinsa da kansa, har ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawun labarin ya gano iyalin da suka cece shi. Irin waɗannan mutane suna da dubban abokan aiki waɗanda ba su kasa su jaruntaka ba, sai dai babu wanda ya rubuta.

Yadda Ake Tattarawa

Mai son wannan aiki ba ya bukatar kuɗi masu yawa. Abin da yake bukata shi ne littafin rubutu da fensir da haƙuri.

1. Ya fara daga gidansu, sa'an nan dangi da maƙwabta. Ya nemi izini kafin ya buɗe adakar kowa, domin kayan mamaci gado ne, akwai masu haƙƙi a kansu.

2. Ya kai hoton wurin wanda ya fi kowa tsufa a dangi, namiji ko mace, ya zauna ya saurara. Kada ya sa musu magana a baki. Maimakon ya ce, "Baba, wannan a Bama ne ko?" gara ya ce, "Baba, ina ne nan?" In sun yarda, ya ɗauki muryarsu da wayarsa.

3. Ya ba kowane hoto lamba, ya rubuta a littafi sunan sojan na yanka da laƙabinsa da garinsu. Wannan yana da muhimmanci, domin a bariki sau da yawa akan rubuta mutum da sunan garin da aka ɗauke shi, kamar a ce wane Kano ko wane Sakkwato, ba da sunan mahaifinsa ba.

4. Ya bambanta abin da ya gani a rubuce da abin da aka gaya masa, ya kuma rubuta wanda ya gaya masa da ranar da ya faɗa.

5. Kada ya raba hoto da abokan zamansa. Takardar sallama, da littafin fansho, da wasiƙu, da lambobin yabo, duk a bar su wuri ɗaya. Takardar sallama ita ce ke ɗauke da lambar soja da bataliya da shekarun aiki, da ita ce kuma ake iya bin sawun mutum a ma'ajiyar takardu.

6. Idan akwai kundin hotuna, kada a ɓamɓare su. Jerin da mai kundin ya yi shi ma labari ne.

Adanawa

Maƙiyan hoto su ne danshi da zafi da hasken rana da ƙwari da hannun ɗan Adam. A Abuja damina takan kama daga Afrilu har Oktoba, cikin wannan lokaci kuwa fumfuna takan kama takarda, hotuna su manne da juna. Da hunturu kuma takarda takan bushe ta nannaɗe, ƙura ta karce fuskarta. Saboda haka a ajiye hotuna cikin akwati mai murfi, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da ambaliya, a nisanta shi da madafa da banɗaki da bangon da ke tsattsafo. A sa farar takarda mai tsabta tsakanin kowane hoto da ɗan'uwansa, amma banda takardar jarida, domin tana rina abin da ta taɓa. A riƙa buɗe akwatin ana dubawa farkon damina da ƙarshenta.

A wanke hannu a bushe shi kafin a taɓa hoto, a kuma riƙe shi ta gefe. Kada a yi rubutu da biro a bayansa, domin tawada tana ratsawa. Fensir mai taushi ya isa, a rubuta a hankali ba tare da dannawa ba. Kada a yi amfani da gam ko salatif ko allurar maƙala takardu. Babban kuskuren da ya yaɗu a yanzu shi ne kai tsohon hoto a liƙe shi cikin leda da na'ura mai zafi. Mai yin haka yana nufin alheri, amma zafin yana lalata hoton, kuma ba a iya cire ledar har abada. Hotunan da suka riga suka manne, kada a finciko su, a nemi shawarar ma'aikatan gidan tarihi. Idan an sami dodon hoto, a adana shi dabam cikin ambulan, domin daga gare shi ana iya wanke sabo.

Wanda ke son rataya hoton kakansa a zaure ko a falo, ya sa a yi masa kwafi ya rataya, na asali kuwa ya zauna cikin duhu. A ɗauki hoton gaba da baya da na'urar kwafa ta kwamfuta ko da waya mai kyau, a rubuta sunan mai hoton a jikin kwafin, a rarraba wa dangi a garuruwa dabam-dabam. Ta haka gobara ko ƙaura ba za ta hallaka kome gaba ɗaya ba. Rigakafi dai ya fi magani.

Ciniki da Jabu da Doka

Tsofaffin katunan Afirka suna da kasuwa a Turai da Amurka, ana kuma gwanjonsu ta intanet. Babu laifi ɗan ƙasa ya sayi irin waɗannan ya komo da su gida, hasali ma abin yabo ne. Sai dai ya yi hattara da jabu. Sabon bugu yakan yi fari fat, ba shi da ƙanshin tsohuwar takarda, bayansa kuma babu alamar kamfanin da ya buga. Gilashin ƙara girma yana nuna bambanci tsakanin hoto na ainihi, wanda yake sumul, da wanda aka buga da injin ɗab'i, wanda yake ɗigo-ɗigo. A Facebook da WhatsApp ana yawan yaɗa hotunan sojojin wata ƙasa a ce na Nijeriya ne, ko a shafa wa tsohon hoto launi, ko ma kwamfuta ta ƙirƙiro hoton da ba a taɓa ɗauka ba. Kafin a gaskata hoto a tambayi inda na asalinsa yake.

Game da sayarwa, iyali su yi tunani sosai kafin su rabu da hoton mahaifinsu saboda 'yan kuɗi kaɗan. Da zarar ya shiga hannun dillali, sunan mai shi yakan ɓace, ya koma "sojan Hausa" kamar na katunan da. Dokar da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa cikin 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya sai da izinin hukumar, saboda haka duk mai shakka ya tuntuɓe ta tukuna. Har ila yau, sha'awar kayan soja ba ta ba kowa damar ajiye bindiga ko harsashi ko gurneti a gida ba. Tsohon gurneti yana iya fashewa ko bayan shekara hamsin. Wanda ya tarar da irin wannan cikin kayan gado kada ya taɓa, ya sanar da 'yan sanda. Haka kuma ba a ɗaukar hoton bariki ko kayan yaƙi na yanzu sai da izini. Hotunan gawawwaki da na waɗanda aka ji wa rauni, musamman na yaƙin basasa, a adana su don masu bincike, kada a mai da su abin tsokana tsakanin 'yan ƙasa ɗaya.

Inda Za a Nufa

Akwai wuraren da mai tattarawa zai sami taimako, ko ya kai ajiya idan ya ga gidansa ba zai iya riƙewa ba. A Kaduna akwai Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, da Gidan Arewa wanda aka kafa cikin 1970 a gidan marigayi Sardaunan Sakkwato ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. A Kano akwai Gidan Makama. A Umuahia akwai Gidan Tarihin Yaƙi na Ƙasa wanda aka ƙaddamar cikin 1985, inda mutum zai ga motoci masu sulke da jiragen yaƙin basasa da idonsa ya gwada su da abin da ke cikin hotonsa. Tsofaffin fitowar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya cikin Janairu na 1939, suna cike da labaran yaƙin na biyu cikin Hausa. Ƙungiyar tsofaffin sojoji tana da rassa a jihohi, mambobinta kuwa sukan gane lamba ko makami da kallo ɗaya. Mazauna Gudu da sauran unguwannin Abuja suna kusa da Makabartar Sojoji ta Ƙasa da ke kan hanyar filin jirgin sama, inda aka kafa dutsen tunawa mai ɗauke da sunayen sojojin Nijeriya na yaƙe-yaƙen duniya biyu. Mai kai ajiya ya karɓi takardar shaida, a kuma rubuta ko kyauta ce ko aro.

Kammalawa

Kowace shekara ran 15 ga watan Janairu ana bikin tunawa da 'yan mazan jiya, ana ajiye furanni a kabarin sojan da ba a san sunansa ba a Abuja. Wannan girmamawa ce ta ƙasa baki ɗaya. Amma akwai sojan da har yanzu ana iya sanin sunansa, shi ne wanda ke kwance cikin adaka a Gudu, ko a Tudun Wada ta Zariya, ko a Fagge ta Kano. Abin da ake roƙon kowane magidanci da malamin makaranta da ɗalibi shi ne, kafin wannan rana ta sake zagayowa, ya buɗe adakar, ya kai hoton wurin dattijon gidan, ya ɗauki fensir ya rubuta sunan da aka faɗa masa.